Daga Fagen Yaƙi Zuwa Lambu: Tarihin Auna Haɗarin Makamai Masu Guba da Darasinsa ga Manoman Farin Gada

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ɗauki kwalbar maganin feshi ya juya bayanta zai tarar da waɗansu lambobi: adadin da za a zuba a cikin ruwa lita kaza, da kwanakin da za a jira kafin a tsinki amfanin gona, da kuma wani layi mai launi a gindin takardar. Waɗannan lambobi ba daga sama suka faɗo ba. Suna da tarihi, kuma babban ɓangare na tarihin a fagen yaƙi aka rubuta shi, da ɗakunan gwaji na sojoji, domin kuwa waɗansu daga cikin magungunan ƙwarin da ake fesawa a lambuna uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da gubar da aka tanada don kashe mutane a yaƙi.

Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda aka fara auna haɗarin makamai masu guba, da yadda aka kai ga yanke abin da za a kira haddin aminci, watau iyakar abin da jikin mutum zai iya shaƙa ko taɓawa ko ci ba tare da ya cutu ba. Daga nan za ta dawo gida, ta dubi lambunan da ke ciyar da kasuwar Farin Gada ta Jos. Manufar ita ce a nuna cewa haddin aminci yana tafiya ne da sharuɗɗa, kuma inda sharuɗɗan ba su cika ba, lambar da ke jikin kwalba ba ta kare kowa.

2.0 Guba da Dafi da Makari a Wurin Bahaushe

Amfani da guba a yaƙi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kafin zuwan Turawa, 'yan baka su ne ƙashin bayan dakarun ƙasa, kuma kibiyarsu ba ta cika kibiya sai da dafi. Ɗaya daga cikin tsirran da aka fi dogara da su wajen haɗa dafi shi ne kwankwani, wanda 'ya'yansa suke ɗauke da sinadari mai tsayar da bugun zuciya. Turawan mulkin mallaka sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun wannan makami. Alal misali, a yaƙin Burmi na watan Yuli 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, kibiya mai dafi ce ta kashe Manjo Marsh, jagoran sojojin Ingila.

Abin lura a nan shi ne ilmin da ke tattare da sana'ar. Maharbi ya san cewa dafin da ya kashe dabba ta hanyar jini bai hana a ci namanta ba, muddin an yanke wurin da kibiya ta shiga an yar. Ya san dafi sabo ya fi tsoho kaifi, ya kuma san abin da zai kayar da gada ba zai kayar da ɓauna ba. Ashe ke nan ya fahimci cewa illar guba ta danganta da yawanta, da hanyar da ta bi ta shiga jiki, da girman jikin da ta shiga. Waɗannan su ne tubalan da masana kimiyya suka yi gini a kansu daga baya. Wani likitan Turai na ƙarni na 16 mai suna Paracelsus ya bayyana cewa adadi shi ne yake raba guba da magani, kuma kwankwani ya gaskata shi: a 1885 Thomas Fraser na Jami'ar Edinburgh ya gabatar da sinadarin wannan dangin tsiro ga likitoci a matsayin maganin ciwon zuciya. Abin da Bahaushe bai yi ba shi ne mayar da wannan sani zuwa lambobi. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya tilasta yin haka.

3.0 Yaƙin Duniya na Ɗaya da Ƙa'idar Haber

Da yammacin ranar 22 ga Afrilu 1915, kusa da garin Ypres na ƙasar Beljiyam, sojojin Jamus suka buɗe tukwane fiye da 5,000 na iskar kulorin, iska ta kora hayaƙin zuwa ramukan abokan gaba. Daga cikin waɗanda hayaƙin ya fara riska har da sojojin Aljeriya da ke yi wa Faransa yaƙi, watau 'yan Afirka suna cikin sahun farko na waɗanda wannan sabon makami ya halaka. Ba a daɗe ba kowane ɓangare ya shiga yi. A ƙarshen 1915 aka fito da iskar fosjin, sa'an nan a watan Yuli 1917 aka fito da mastad, wadda take ƙona fata da idanu da huhu, kuma ba ta nuna illarta sai bayan sa'o'i. An ƙiyasta cewa kafin yaƙin ya ƙare a 1918 guba ta kashe mutum kimanin 90,000, ta kuma jikkata fiye da miliyan ɗaya.

Jagoran shirin Jamus shi ne Fritz Haber, masanin da ya gano hanyar sarrafa sinadarin da ake yin takin zamani da shi, har ya sami kyautar Nobel ta 1918 a kan haka. A cibiyarsa ta birnin Balin an riƙa sanya dabbobi, musamman kyanwoyi, a cikin akwatuna ana sakar musu iskar guba ana duban agogo. Daga wannan aiki, wanda Ferdinand Flury ya yi fice a cikinsa, aka fitar da ƙa'idar da ake jinginawa ga Haber, wadda ya wallafa a 1924. Ƙa'idar tana cewa idan aka ninka kaurin guba a cikin iska da tsawon lokacin da aka shaƙe ta, sakamakon shi ne ma'aunin illarta. Ma'ana, shaƙar guba kaɗan na tsawon sa'a guda yana iya yin ɓarnar da shaƙar mai yawa na minti ɗaya zai yi.

Haber ya yi wannan lissafi ne don ya san gubar da ta fi saurin kisa, amma masu kula da lafiyar ma'aikata suka ɗauke shi suka juya shi, suka riƙa tambayar adadin da ba zai cutar ba. Daga baya an gane cewa ƙa'idar ba ta zauna daidai a kan kowace guba ba, saboda akwai wadda jiki yake iya narkarwa in ta shigo kaɗan-kaɗan, akwai kuma wadda take taruwa. A 1986 wani masani ɗan ƙasar Holan, ten Berge, da abokan aikinsa suka yi mata gyara. Duk da haka darasinta na asali bai gushe ba, watau lokaci ma ɓangare ne na adadi. Hausawa sun riga sun faɗa cewa yau da gobe ba ta bar komai ba.

A 1925 ƙasashe suka sanya hannu a kan yarjejeniyar Janiba wadda ta haramta amfani da iskar guba a yaƙi, amma ba ta haramta ƙera ta ko tara ta ba. Afirka ba ta ci moriyar wannan takarda ba. Sifaniya ta jefa mastad a kan mutanen Rif na ƙasar Maroko a shekarun 1920, Italiya kuma ta yi wa Habasha ruwanta a 1935 da 1936, alhali ta amince da yarjejeniyar. Sarki Haile Selassie ya kai kuka gaban Majalisar Ƙawancen Ƙasashe a watan Yuni 1936, ba a share masa hawaye ba.

4.0 Tagwaye: Maganin Ƙwari da Gubar Jijiya

A watan Disamba 1936, Gerhard Schrader, wani ma'aikacin kamfanin IG Farben na Jamus, yana cikin neman sabon maganin ƙwarin gona sai ya haɗa wani sinadari daga dangin da ake kira oganofosfet. Sinadarin ya kashe ƙwari yadda ake so, amma da ɗan kaɗan ya zube a ɗakin gwaji sai ƙwayar idanun Schrader da mataimakinsa suka tsuke, numfashi ya riƙa gagararsu, suka yi makonni kafin su murmure. Dokar Jamus ta lokacin ta wajabta a sanar da soja duk wani binciken da zai yi amfani a yaƙi, saboda haka sinadarin ya bar hannun masu aikin gona ya koma hannun soja da sunan tabun. A 1938 aka samo sarin daga wannan dangi, a 1944 kuma soman. A shekarar 1944 ɗin dai Schrader ya haɗa faratiyon, wanda ya zama ɗaya daga cikin magungunan feshin da suka fi yaɗuwa a duniya bayan yaƙi.

Irin wannan ya sake faruwa a Ingila. A farkon shekarun 1950 masu bincike na kamfanin ICI suka samar da wani maganin ƙwari mai suna Amiton, aka kai shi kasuwa a 1954, sa'an nan aka janye shi saboda tsananin haɗarinsa ga manoma. Cibiyar soja ta Porton Down ta ci gaba da aiki a kan danginsa har ta fitar da VX. Yau Amiton yana cikin jerin sinadaran da yarjejeniyar hana makamai masu guba take sa wa ido.

Dalilin wannan kusanci shi ne duk hanya ɗaya suke bi a jiki. Jijiyoyi suna aika saƙo zuwa tsoka ta hanyar wani sinadari, kuma da zarar saƙo ya isa sai wani sinadarin na biyu, mai suna kolinestares, ya share shi domin tsoka ta huta. Gubar oganofosfet tana ɗaure wannan mai sharewa, sai saƙo ya yi ta bugawa ba tsayawa. Daga nan sai ƙwayar ido ta tsuke, yawu da hawaye da gumi su yi ta zuba, amai da gudawa su biyo baya, tsoka ta riƙa rawa, daga ƙarshe numfashi ya tsaya. Alamomin da likita zai gani a jikin sojan da sarin ya taɓa su ne zai gani a jikin manomin da maganin feshi na wannan dangi ya yi wa yawa, kuma makarin da zai ba su iri ɗaya ne, watau allurar atrofin da ta faralidokzim. Bambancin yana wajen ƙarfi da saurin aiki, kuma bambanci ne mai girma ƙwarai, amma ƙofar da suke shiga ɗaya ce.

5.0 Da Jikin Wa Aka Auna?

Gwajin dabba yana da iyaka, domin ɓera ba mutum ba ne. Saboda haka manyan ƙasashe suka juya ga sojojinsu. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta sanya sojoji kimanin 60,000 a cikin gwaje-gwajen sinadarai, waɗansu dubbai daga cikinsu an rufe su a ɗaki an sakar musu mastad, aka kuma rantsar da su kada su faɗa wa kowa. Sai a farkon shekarun 1990 gwamnati ta amsa cewa an yi haka. Daga baya ya bayyana cewa a waɗansu gwaje-gwajen an ware baƙaƙen fata da 'yan asalin Japan da 'yan Puerto Rico domin a ga ko launin fata yana sauya illar gubar. Ingila ta yi makamancin wannan a kan sojojin Indiya a Rawalpindi a shekarun 1930 da 1940.

Labarin da ya fi shahara shi ne na Ronald Maddison, wani sojan sama ɗan shekara 20. A ranar 6 ga Mayu 1953, a Porton Down, aka ɗiga masa sarin a kan ƙyallen da aka naɗe masa a hannu, domin a gano adadin da zai iya ratsa tufafi ya yi illa. Bai kai ƙarshen wannan safiya da rai ba. Binciken farko a asirce aka yi shi, aka ce tsautsayi ne. Sai a 2004, bayan shekara 51, wani sabon zaman bincike ya yanke cewa kisa ne ba bisa doka ba.

Sauran abin da aka sani daga bala'o'i aka tsinto shi. Ma'aikatan masana'antar guba ta tsibirin Okunoshima a Japan, wadda ta yi aiki daga 1929 zuwa 1945, su ne suka tabbatar wa duniya da jikinsu cewa mastad tana haddasa sankarar huhu da maƙogwaro bayan shekaru masu yawa. Dubban sojoji da fararen hular Iran da Iraƙi ta jefa wa guba a yaƙin 1980 zuwa 1988 sun nuna yadda ciwon ido da na huhu suke bin mutum har tsufa. A garin Halabja na Ƙurdawa kimanin mutum 5,000 suka mutu a ranar 16 ga Maris 1988. Harin sarin na jirgin ƙarƙashin ƙasa na Tokiyo, ranar 20 ga Maris 1995, ya kai mutum fiye da 5,000 asibiti, ya kuma koyar da cewa tufafin majinyaci suna iya cutar da likitan da ke duba shi. Saboda haka duk lambar da aka rubuta a matsayin haddi, akwai jikunan bayin Allah a bayanta, kuma galibinsu ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba.

6.0 Yadda Ake Yanke Haddi

6.1 Matakan Lissafi

A 1927 J. W. Trevan ya fito da ma'aunin adadin da yake kashe rabin dabbobin da aka gwada, wanda da shi ake jera guba daga mafi kaifi zuwa mafi sauƙi. Amma mai son kare rai ba adadin kisa yake nema ba. Abin da yake nema shi ne adadi mafi yawa da aka ba dabba ko mutum ba a ga wata illa ba, ko mafi ƙanƙantar da ya haifar da alamar farko. Ga gubar jijiya, alamar farko ita ce tsukewar ƙwayar ido. Bayan an sami wannan adadi sai a raba shi. A 1954 Arnold Lehman da Garth Fitzhugh na hukumar abinci da magunguna ta Amurka suka ba da shawarar a raba shi gida 100. Bayanin da aka saba yi shi ne kashi 10 saboda mutum yana iya fin dabba rauni, wani 10 kuma saboda mutane ba ɗaya suke ba, akwai jariri da tsoho da mai ciki da mara lafiya. A 1996 dokar Amurka ta ƙara wani kashi 10 domin yara a sha'anin ragowar maganin ƙwari a abinci. Wannan rabawa ba sakamakon gwaji ba ce, hukunci ne na taka-tsantsan da masana suka yi ittifaƙi a kansa.

Haka kuma haddi ba guda ɗaya ba ne. Akwai na ma'aikaci, wanda aka gina a kan baligi lafiyayye mai aikin sa'a 8 a rana. Akwai na jama'ar gari, wanda ya fi ƙanƙanta ƙwarai domin ya haɗa da yara da marasa lafiya, dare da rana. Akwai kuma na gaggawa. Bayan tsiyayar iskar guba daga masana'antar maganin ƙwari ta Bhopal a Indiya a watan Disamba 1984, wadda ta kashe dubban mutane, an tsara matakai uku na haɗari: na farko inda jama'a za su ji damuwa mai wucewa, na biyu inda illa za ta yi tsanani ko ta hana mutum gudu, na uku inda rai zai iya salwanta. Kowane mataki an lissafa shi a kan minti 10, da minti 30, da sa'a 1, da sa'a 4, da sa'a 8, kuma a nan ana ganin sawun ƙa'idar Haber.

6.2 Haddi Yana Sauka

Abin da ya tilasta tsananta wannan lissafi shi ne aikin lalata makaman. An buɗe yarjejeniyar haramta makamai masu guba don sa hannu a birnin Faris a watan Janairu 1993, ta fara aiki a ranar 29 ga Afrilu 1997, kuma Nijeriya ta tabbatar da shigarta a 1999. Rasha ta bayyana tan kusan 40,000, Amurka kuma kimanin tan 30,000 ta tara. Mazauna garuruwan da ke kusa da rumbunan Amurka suka tashi tsaye suna tambayar abin da zai fito daga bututun hayaƙi in an fara ƙonawa.

A 1988 cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yanke cewa haddin sarin ga ma'aikaci shi ne miligiram 0.0001 a cikin kowace kibik mita ta iska, watau iskar da za ta cika akwati mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya da zurfin mita ɗaya. Don a gane ƙanƙantar wannan, ƙwayar gero guda ta ninka miligiram ɗaya nauyi sau da dama. A 2003 cibiyar ta sake duba hujjoji ta saukar da haddin zuwa 0.00003, na jama'ar gari kuma daga 0.000003 zuwa 0.000001. Na VX ga ma'aikaci sau 10 aka rage shi. Gubar ba ta sauya ba a cikin shekarun nan 15, sanin mutane da na'urorinsu ne suka ƙaru. An kammala lalata makaman da Amurka ta bayyana a ranar 7 ga Yuli 2023.

Abin da ya sa waɗannan lambobi suka yi aiki shi ne abin da aka kewaye su da shi: na'urori masu shinshinar iska dare da rana, da rigunan kariya, da gwajin jinin ma'aikaci kafin ya fara aiki da kuma lokaci-lokaci, da likita a kusa, da hukumar da za ta iya tsayar da aiki. Ko a aikin gona akwai misali. Tun 1974 jihar Kalifoniya ta wajabta auna kolinestares a jinin masu yawan feshi, kuma in na jajayen ƙwayoyin jini ya sauka zuwa kashi 70 cikin 100 na yadda yake tun farko, sai a janye mutum daga aikin har ya farfaɗo.

7.0 Lambunan Farin Gada

7.1 Daga Kuza Zuwa Kayan Gwari

Haƙar kuza ce ta gina Jos. Tun daga farkon ƙarni na 20, bayan Turawan Kamfanin Neja sun isa yankin Naraguta, leburori da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa daga ƙasar Hausa da sauran sassan Nijeriya. Sanyin tsaunin da bukatar Turawan ma'adinai suka sa aka fara noman kabeji da karas da latas da dankalin Turawa. Da kasuwar kuza ta durƙushe, musamman bayan faɗuwar farashinta a 1985, mutane da yawa, Hausawa da 'yan ƙabilun yankin, suka koma noman rani a gaɓar kogin Dilimi da bakin tafkunan da haƙar ma'adinai ta bari, injin ban-ruwa kuma ya maye gurbin jigo. Kasuwar Farin Gada, a arewacin birnin, ita ce babbar matattarar wannan amfani, daga nan motoci suke ɗaukar tumatir da kabeji da koren wake da tattasai zuwa Abuja da biranen Kudu. Saboda haka abin da aka fesa a gaɓar Dilimi yana iya ƙarewa a tukunyar da ke nesa da Jos da ɗaruruwan kilomita.

7.2 Haddi Ba Tare da Sharuɗɗansa Ba

Kayan gwari ba sa jure ƙwari, mai saye kuma ba ya son ganye mai huji, don haka feshi ya zama ɓangare na sana'ar. Lamarin ya ƙara tsananta a 2016, lokacin da tsutsar tumatir da manoma suke kira sharon ta cinye gonaki a jihohin Arewa da dama. Daga cikin magungunan da suka yaɗu a Nijeriya akwai 'yan dangin oganofosfet, fitaccensu shi ne dikulobos, wanda shi ne yawanci ake ɗurawa a ƙananan kwalabe ana sayarwa da sunan fiya-fiya. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta fara jera magungunan ƙwari bisa haɗarinsu a 1975, ta sanya shi a rukunin masu haɗari ƙwarai.

Nijeriya ta riga ta ga sakamakon wuce haddi. A 2008, bayan ɗalibai mata fiye da 100 na wata makarantar sakandare a Doma ta jihar Gwambe sun kwanta saboda cin wake mai maganin ƙwari, da wani lamari irinsa a jihar Kuros Riba, hukumar NAFDAC ta haramta magungunan gona guda 30. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda haddinta na dikulobos miligiram 0.01 ne a kilo ɗaya, alhali an sami waken da ya kai miligiram 4.6, watau ninki 460. A 2019 kuma NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben wannan magani a kasuwanni da kantuna. Abin tambaya shi ne, waken da Turai ta auna ta ƙi, wa yake auna ɗan'uwansa da ya rage a gida?

In aka kwatanta ƙaramin manomin Arewa da ma'aikacin da aka yi lissafin haddi dominsa, sai a ga tazarar. Lissafin ya ɗauka cewa an auna maganin da ma'auni, manomi kuwa sau da yawa da murfin kwalba ko gwangwanin madara yake awo. Ya ɗauka akwai safar hannu da takalmi da abin rufe hanci, alhali mai feshi yakan shiga da rigar da zai koma gida da ita, tankin da ya goya yana yoyo a gadon bayansa, kuma fata mai gumi ta fi saurin tsotsar guba. Ya ɗauka baligi ne, alhali yara suna taya iyayensu aikin lambu. Ya ɗauka za a jira kwanakin da aka rubuta kafin tsinka, amma ranar da mota ta zo kuma farashi ya yi kyau, jira asara ce ga wanda ya ci bashin taki. Wannan ba laifin manomi kaɗai ba ne. An miƙa masa kaya mai haɗari, ba a haɗa masa da abin da ke tsare haɗarin ba.

7.3 Matsalar Harshe

Akwai wani ɓangare da ya shafi masana harshe kai tsaye. Bahaushe yana da kalmomin guba da dafi, amma da sinadaran gona suka zo sai ya kira su magani: maganin ƙwari, maganin feshi, maganin ciyawa, maganin ɓera. Kalmar magani tana ɗauke da ma'anar waraka, kuma abin da ake kira magani ba a gudunsa, ana ma ajiye shi a ɗaki kusa da abinci, ana kuma ganin ƙara yawansa ƙara amfani ne. Maharbin da ya kira abinsa dafi bai taɓa barin kwarinsa inda yaro zai kai hannu ba.

Bugu da ƙari, bayanin da ke jikin kwalba galibi da Ingilishi yake, wani lokaci da Faransanci, alhali manoma da yawa Hausa suke karantawa, da boko ko da ajami. Launukan gindin takarda suna da ma'ana: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Amma launi ba ya magana sai ga wanda aka koya wa. Haka kuma har yanzu ba a daidaita kalmomin Hausa na abubuwa kamar kwanakin jira kafin tsinka, da lokacin da za a ƙaurace wa gona bayan feshi, da ragowar guba a jikin amfani ba, yadda malamin gona da mai shago da ma'aikacin asibiti za su riƙa faɗar abu ɗaya.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa ilmin auna guba ya faro daga neman abin da zai kashe, sa'an nan aka juya shi zuwa neman abin da zai kare, kuma an sayi lambobinsa da lafiyar sojoji da leburori da talakawan da ba su san hawa ba balle sauka. Ta nuna cewa haddin aminci hukunci ne da ake sabuntawa, kuma sabuntawar da aka yi wa na sarin da VX a 2003 ƙasa ta yi da shi. Ta kuma nuna cewa dangin gubar da duniya ta kashe maƙudan kuɗi ta lalata suna da 'yan'uwa masu rangwamen ƙarfi a shagunan kayan gona.

Abin da ya rage aiki ne da za a iya yi. Jami'ar Jos maƙwabciyar Farin Gada ce, kuma masananta na haɗa magunguna da na kimiyyar sinadarai suna iya riƙa ɗaukar samfurin kayan gwari daga kasuwar suna aunawa a kai a kai, su sanar da shugabannin kasuwa da na manoma abin da suka gani. Asibitocin da ke kusa da lambuna suna bukatar atrofin da ma'aikatan da suka san alamomin wannan guba, da gwajin jini ga masu feshi a farkon rani da tsakiyarsa. Hukumomi suna iya wajabta rubuta gargaɗi da Hausa, boko da ajami, a jikin kowace kwalba. Sassan koyar da harsunan Nijeriya kuwa, nasu shi ne su zauna da malaman gona da likitoci da manoman kansu su daidaita kalmomin, su fara da mayar wa abin sunansa na gaskiya, a riƙa cewa gubar ƙwari. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira, kunne kuwa ba ya jin gargaɗi sai da harshen da ya sani.